Ba Hannuna Ba Ne

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai sai na faɗa muku abin da Narelle ta ji a faifan nan har ta zauna daɓas a tsakiyar kicin, to kun ci nasara. Ku gyara zama.

* * *

Ba ta bi ta ƙofar gaba ba.

Ta zagaya ta lungun da ake ajiye kwandunan shara, ta tura ƙofar bayan shagon da kafaɗa. Hannun damanta na riƙe da faifan. Na hagu yana cikin aljihun kwat, inda ya saba ɓuya tun watan Maris.

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safiyar Asabar. Dutsen Hobart ya kwana da ƙanƙara, gari kuma ya tashi da yayyafi. Da sha ɗaya daidai ƙungiyarsu ta Tin Ferry za ta zauna a shagon faifan Misis Leong, su sa wa mutane hannu a sabon faifansu da ya fito jiya, sannan su yi waƙa biyu.

"Ga ta nan!" in ji Fergus, mawaƙin ƙungiyar. Yana zaune a kan kwalin faifai da ko buɗewa ba a yi ba, da kofin shayi a hannu. "Mu talakawa masu sharhi sun ba mu taurari biyu cikin biyar, ke kuma an naɗa miki rawani. Voula, tashi ki ba sarauniya kujera."

Voula ba ta yi dariya ba. Ita ce mai ganga, kuma ƙawar Narelle tun suna aji ɗaya a sakandare. Sau ɗaya ta dubi fuskar Narelle, ta sunkuyar da kai.

"Mutum nawa ne a waje?" Narelle ta tambaya.

"Tara," in ji Voula. "Biyu ma ruwa ne ya koro su."

Shekara uku suka kashe a kan wannan faifai da suka sa wa suna Ruwa a Ƙarƙashin Gida. A wani tsohon rumbun tuffa da ke Huonville suka ɗauke shi. Fergus ya shiga cikin tankin ruwa marar komai ya yi waƙa daga ciki. Voula ta ajiye ganguna ta koma dukan kwanon rufi da tukwanen gas. Akwai waƙar da ta kai minti goma sha huɗu, ba amshi, ba inda za a yi tafi.

Jiya masu sharhi suka yi musu rubdugu. Wani ya ce kamar an kulle mutum cikin firji tare da injin wanki. Wata ta ce ta saurara sau biyu don kada ta yi zalunci, karo na biyun ya fi azaba. Wani gidan rediyo a Sydney ya saka minti biyu ya katse.

Amma dukansu bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda.

Narelle ta ajiye faifan a kan kwali, ta ciro wata takarda da ta yaga daga jaridar Melbourne, ta shiga karantawa da murya a kwance.

"Abu ɗaya ne ya hana ni cilla faifan nan ta taga, shi ne jitar Narelle Quigley. Tana da shekara arba'in da biyu ta yi kiɗan da ba ta taɓa yin irinsa ba. Da na kai waƙa ta huɗu sai na ajiye biro na yi kuka."

"Kin gani?" in ji Fergus. "Ni ko uwata ba ta taɓa yin kuka don waƙata ba."

"Wa ya kaɗa?"

"Wa ya kaɗa me?"

"Jitar."

Ya kurɓi shayi. "Kin karya kuwa da safen nan?"

"Fergus, wa ya kaɗa?"

Ita dai ta san ba ta saurari faifan ba sai yau. A watan Afrilu ta yi nata ɗaukan, kwana tara tana kokawa da yatsunta, kullum Fergus yana cewa ya yi, ya yi kyau, je ki huta. Da za a tafi Melbourne tace sauti ta ce mura take yi. Da aka aiko mata da nata kwafin ta tura shi ƙarƙashin gado, don ba ta son jin kunyarta da kunnenta. Sharhin nan ne ya sa ta janyo shi yau da safe.

"Aikin na'ura ne," in ji Fergus, yana juya kofin a hannu. "Mai tace sautin nan na Melbourne maye ne. Sai ya ɗauki sauti ya wanke shi tas, ke kanki ba za ki gane..."

"Na'ura tana da ƙaramin yatsa?"

Fergus ya kawar da kai.

"A waƙa ta huɗu, minti na uku, akwai inda aka miƙa ƙaramin yatsa aka danne tsirkiya har sau takwas a jere. Rabon da ƙaramin yatsana ya ji maganata tun bara."

Ta zare hannun hagun daga aljihu ta ɗora shi a kan kwalin, a gabansu.

Yana rawa. Babban yatsa yana gogar na kusa da shi, kwalin yana ƙara a hankali, kaf kaf kaf. Wata huɗu tana ɓoye shi. Ta zauna a kansa, ta naɗe shi da gyale, ta ce sanyi ne, ta ce kofi ne ya yi mata yawa. Yau ne karo na farko da ta nuna wa wani mahaluki in ban da likita.

Ta jira wani ya ce kai.

Ta jira wani ya ce mene ne wannan.

Ko ido ba su zaro ba.

Nan ne ta gane.

"Kun sani," ta ce.

Voula ta ɗago, idonta ya kaɗa. "Tun Maris."

"Ta yaya?"

"Ranar da na ari motarki na kai kaya Huonville. Ina neman tsumman goge gilashi, takardar asibiti ta faɗo."

"Kika karanta."

"Na karanta."

"Parkinson, ciwon karkarwa. Kika ga sunan, kika linke, kika mayar."

"Narelle..."

"Kika kai wa Fergus."

"To wa zan kai wa? Ke kin ba ni fuska? Na tambaye ki sau nawa, kina ce min lafiya lau?"

"Shekara talatin, Voula. Ni na riƙe miki gashi kina amai a bayan makaranta. Ni na kwana da ke a asibiti ranar da cikinki ya zube. Ki ga wannan takarda ki kasa zuwa ki ce min ƙawata, na gani?"

Voula ta toshe baki da bayan hannu.

Fergus ya dangwarar da kofin. "To ni ki zage ni, ki bar ta. Ni na yanke. Kwana tara muna ɗauka, kina fita waje kina kuka a bayan tanki kina dawowa ki ce hayaƙi ne ya shiga idonki. Me kike so in yi? In tsaya a gaban kowa in ce Narelle, ba kya iyawa?"

"E."

"Haba."

"E, haka za ka ce! In ji zafi, in zage ka, in tafi gida. Ai da na san inda nake. Yanzu ka sa wata baiwar Allah a Melbourne ta yi kuka a kan ƙarya, da sunana, da hotona."

"Rufa miki asiri muka yi."

"Ka rufa wa faifanka asiri dai."

"Wane faifan? Wanda aka ce firji ne?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shekara goma sha shida ina ihu a makirufo, ke kin san wannan ne na ƙarshe. Ba wanda zai sake buga mana faifai. Na ce in ma za mu nutse, ke ki fita da mutuncinki."

"Nawa ne nawa a ciki?"

Fergus ya sunkuyar da kai.

"Waƙa bakwai ce. A nawa nake?"

Ya dubi Voula. Voula ta dubi bango.

"Farkon waƙar farko," ya ce a ƙarshe. "Kafin ganga ta shigo."

Narelle ta rufe ido tana tunowa. Daƙiƙa arba'in ne ko hamsin. Wani sauti ne siriri mai karkarwa, tsirkiya ɗaya tana zizara ba tsari. Da ta ji shi da safe ta ɗauka na'ura ce suka sa.

"Wannan ni ce?"

"Kina ƙoƙarin riƙe sauti ɗaya ne, hannun ya ƙi. Ba ki san ana ɗauka ba."

"Ka saka."

"Shi ne abu mafi gaskiya a faifan gaba ɗaya."

"Ka karanta abin da wani mai sharhi na Sydney ya ce a kansa?"

"Wawa ne."

"Ƙuda a cikin kwalba." Dariya ta kuɓuce mata, ta yi ta yi har hawaye suka zubo. "Shi ne kaɗai nawa. Ƙuda a cikin kwalba. Wanda suka yi wa kuka na wani ne, wanda suka yi wa dariya shi ne ni."

Daga cikin shago aka jiyo Misis Leong tana gwada lasifika, ƙara ta tashi ta lafa.

Narelle ta share fuska da hannun kwat.

"Saura suna," ta ce.

"Na yi alkawari."

"Ni ma ka yi min alkawura, ina suke? Faɗi."

"Wani ne kawai, ba ki san shi ba."

"Fergus, kada ka raina min hankali sau biyu a rana ɗaya. A minti na shida, inda kiɗan ya yi wuya, mai kaɗawar yana gurnani ta hanci. Kun yi ƙoƙarin gogewa, bai gogu duka ba. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake yin haka. Ta bangon ɗakina na girma ina jin sa. So nake in ji daga bakinka."

Fergus ya shafa gemu, ya sauke numfashi.

"Des ne."

Ta riga ta sani. Ta zauna a kan kwali.

Des yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗora yatsunta a kan jita tana 'yar shekara tara. Shi da Fergus suka kafa Tin Ferry, shi ya jawo ta ciki tana kaɗa jita ta biyu. Sai giya ta ci shi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya faɗo daga kan dandamali a Ballarat, a gaban mutum ɗari uku. Washegari a hanyar Adelaide suka tsaya shan mai, ya shiga bayi, ita da Fergus da Voula suka dubi juna, aka sauke jakarsa da jitarsa a gefen famfon mai, aka tafi aka bar shi.

Narelle ce ke tuƙi.

Tun daga ranar sau ɗaya ta gan shi, ranar jana'izar mahaifiyarsu, shi a wancan gefen kabari ita a wannan. Ko kallonta bai yi ba.

"Ƙarya ne," ta ce a hankali. "Des ba zai tsallake titi don ni ba."

"Bai so ba da farko," in ji Voula, muryarta a dushe. "Mun same shi a Dover, yana aiki a jirgin ruwa na gonar kifi. Yana ganin Fergus ya mayar da ƙofa ya rufe. Ni na tsaya a taga na kunna masa ɗaukanki a waya."

"Kika kunna masa. Wannan abin kunyar."

"Ko minti ɗaya bai saurara ba ya buɗe ƙofar. Bai tambayi faifai ba, bai tambayi komai ba. Cewa ya yi, yaushe ciwon ya fara wa Auta?"

Narelle ta cije leɓe. Ba mai kiranta Auta sai shi da mahaifiyarsu.

"Shekara shida rabonsa da giya," Voula ta ci gaba. "Lahadi huɗu ya yi yana zuwa rumbun, da warin kifi a jikinsa. Ya sa muka kawo masa tsofaffin faifanki duka. In ya kaɗa wuri ya yi kyau har Fergus yana tsalle, sai ya ce a goge. Ya ce wannan nawa ne, Auta ba ta yin haka, ita tana ɗan makara a nan kafin ta shiga. Sai ya sake, ya makara."

"Ya isa."

"Sharaɗi biyu ya kafa. Kada sunansa ya fito, kada ki taɓa sani."

"Na ce ya isa!"

Yayyafi yana ta sauka a kan kwano.

"To ya iya ni," in ji Narelle. "Ya iya ni fiye da ni."

Ta daɗe tana kallon hotonta a bayan faifan. An ɗauke shi a ƙofar rumbu, ta rungume jita tana murmushi. Kamfanin da ya buga faifan ya kira ta jiya sau uku, wai suna son magana da ita ita kaɗai, ba tare da sauran ba. Ga rangadin Satumba, gari goma sha ɗaya, duk wanda ya sayi tikiti waƙa ta huɗu zai zo ji.

Ta miƙe.

"Zan fita in faɗa musu."

"Narelle, kada ki..."

"Mutum tara ne, ba yawa. Gobe jarida ta ɗauka. A sake buga bangon faifan da sunansa. Rangadin kuma da shi za ku tafi."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Gurbinsa ne dama. Ni na ja mota na bar shi a gidan mai da jaka ɗaya. In ba zan iya kaɗawa ba, ai zan iya wannan. Ku kira shi yau. In ya ƙi, ni zan je Dover in durƙusa masa."

Fergus ya dubi Voula. Wannan karon kallon ya yi tsawo.

"Mene ne kuma?"

"Ba zai yiwu ba," in ji Fergus.

"Don me? Kun ce ya daina sha."

"Ya daina."

"To don me?"

Voula ta fashe da kuka.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Misis Leong ta leƙo da tabarau a saman kai. "Yarana, sha ɗaya ta gota. Narelle, na jona miki jitarki. Mutane sun ƙaru, yanzu mun kai sha biyu!"

"Ki tsaya tukuna," Fergus ya kama hannun kwat ɗin Narelle. "Akwai abin da ya kamata ki..."

Ta fizge ta fita.

Tafi ya tashi, ɗan kaɗan, irin na mutanen da ke jin kunyar ƙarancinsu. An ajiye tebur da kujera uku. A gefe jitarta na jingine, lasifika tana ɗan gunji. Ta nufi makirufo kai tsaye, tana shirya maganar a ranta.

Sai ta gan shi.

Yana bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga rigarsa ta aiki mai ruwan lemo. Gashinsa ya yi fari fat. Ya rame, ya zama mahaifinsu sak. Ya matse faifan a hammata, da alamar farashi a jikinsa. Saya ya yi.

Bai bi layi ba. Ya tako har gaban tebur, mutane suna matsa masa.

"Auta."

Ta ƙura masa ido.

"An ce mai jitar nan ta iya," ya ce, ba murmushi a fuskarsa. "Sa min hannu."

Ta matso, ta rage murya. "Des, na sani. Sun faɗa min. Yanzun nan zan gaya wa mutanen nan."

"Ba za ki gaya musu ba."

"Naka ne. Kai za ka tafi rangadin. Kai za ka tsaya a gabansu ka kaɗa, su ga wanda..."

"Ba su faɗa miki duka ba ke nan."

Ya ajiye faifan a kan tebur. Ya miƙo mata biro da hannun dama. Faifan ya zame zai faɗi, sai ya ɗora hannun hagu ya danne shi.

Idonta ya sauka a kan hannun.

Babban yatsa yana nan. Manuni yana nan. Daga nan sai fata ja mai sheƙi, da sawun ɗinki da bai gama warkewa ba.

Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa.

Biyu.

"Injin jan ragar kifi," ya ce. "Watan Yuni."

Ya tura biron cikin tafinta, ya naɗe mata yatsu a kansa.

"Sa hannu, Auta. Mutane suna kallo."